Yadda Matar Shugaban Ƙasa Ta Samu Kujera a Nijar

Tun da sojoji suka tsare shugaba Mohamed Bazoum da matarsa Hadiza a fadar Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, tsohuwar gardama ta sake tashi: shin matar shugaba mai muƙami ce, ko matar aure ce kawai da bai kamata rikicin mulki ya shafe ta ba?

Wasu na cewa muƙamin matar shugaba gadon gargajiya ne, suna kafa hujja da Iya ta Maraɗi da Inna ta Gobir a Tibiri, masu shugabantar mata da 'yan bori. Ban yarda ba. Iya da Inna 'ya'yan gidan sarauta ne, naɗa su ake yi, kowa ya san iyakar ikonsu, matan sarki kuwa suna can cikin gida ba a jin duriyarsu. Wasu kuma sun ce kwaikwayon Faransa da Amurka ne. Da ƙamshin gaskiya, amma a ganina mulkin jam'iyya ɗaya ne ya haifi kujerar.

Da aka samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, an riga an haramta jam'iyyar adawa ta Sawaba tun 1959, fili ya zama na PPN-RDA ita kaɗai. Jam'iyyar na buƙatar mata a tarurrukanta, ga kuma Aisa, matar shugaba Diori Hamani, Bafulatana daga yankin Dogon Dutsi, mai kwarjini da iya hulɗa da jama'a. Ita ta zama uwar ƙungiyar matan Nijar, tana raka mijinta ƙasashen waje, masu neman alfarma suna bi ta ƙofarta. Iko ya taru a hannunta ba tare da wata doka ta fayyace shi ba. Da fari ya gallabi ƙasa a farkon shekarun 1970, sai ɗalibai da 'yan adawa suka riƙa zarginta da tara dukiya da gidaje. A juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 aka kashe ta a fada, mijinta kuma aka tsare shi har 1987. Ko me aka zarge ta da shi, kotu ya kamata a kai ta.

Seyni Kountché, wanda ya karɓi mulki, ya ja wa abin linzami. Matarsa Mintou ba ta cika fitowa ba, kuma a 1975 aka kafa sabuwar ƙungiyar mata, AFN, ƙarƙashin idon gwamnati. Zamanin dimokuraɗiyya ne ya dawo da kujerar, wannan karo da sunan gidauniya. Laraba, matar shugaba Tandja, ta kafa Magama. Matan shugaba Mahamadou Issoufou biyu kowa da tata: Aissata da Guri, Dokta Malika da Tattali Iyali. Hadiza Bazoum kuma ta kafa Noor.

Ba na musun alherin da suka yi wa marasa lafiya da 'yan makaranta. Amma uwar da ke Gangara, wadda ke ɗaukar ɗanta zuwa asibitin Gazawa ko Agie, tana buƙatar taimakon da ba zai ƙare da ƙarewar mulkin wani ba. Lokaci ya yi da za a rubuta doka: a faɗi aikin matar shugaba, a bayyana inda kuɗin gidauniyarta ke fitowa, a kuma haramta kama ta saboda laifin da ake tuhumar mijinta da shi.