Tsaron Wi-Fi: barazana da hanyoyin kariya

Wi-Fi hanya ce ta haɗa waya ko kwamfuta da intanet ta siginar rediyo, ba tare da kebul ba. An fitar da ƙa'idarta ta farko, IEEE 802.11, a shekarar 1997. Rauninta na asali shi ne sigina ba ta tsayawa a bakin katanga: wanda ya ajiye mota a bakin titi ma na iya kama saƙonnin da ke kai-komo. Saboda haka tsaronta ya dogara ne a kan hargitsa bayanai ta hanyar lissafi, yadda sai mai mabuɗi kaɗai zai iya karanta su.

Makulli na farko, WEP, bai yi ƙarko ba. A 2001 masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna cewa wanda ya tara isassun saƙonni zai iya gano mabuɗin. Duk da haka kamfanoni da dama suka yi sakaci. A 2007 kamfanin TJX na Amurka ya bayyana cewa an sace lambobin katunan banki sama da miliyan 45, kuma ta Wi-Fi ɗin shagunansa ɓarayin suka fara kutsawa. An yanke wa jagoransu, Albert Gonzalez, ɗaurin shekara 20 a 2010.

WPA ya maye gurbin WEP a 2003, sai WPA2 a 2004. Shi ma a 2017 Mathy Vanhoef, wani mai bincike a Beljiyam, ya gano masa kafar da aka kira KRACK, aka toshe ta da sabunta manhaja. WPA3 ya fito a 2018.

Sai dai galibin masu kutse ba sa wahalar da kansu da lissafi. Kalmar sirri gajeriya, ko lambar wayar maigida, ta ishe su. Haka ma tsarin WPS: an gano a 2011 cewa lambarsa mai alƙaluma takwas kan faɗi cikin gwaji kusan 11,000. Wata dabarar kuma ita ce kafa Wi-Fi na bogi da sunan otal ko filin jirgi, jama'a su shiga da kansu.

Masana tsaro na ba da shawarar a zaɓi WPA3, ko WPA2 idan na'urar tsohuwa ce, da doguwar kalmar sirri. A kashe WPS. A sauya kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani, a kuma riƙa sabunta manhajarta. A ofisoshi ana ware wa baƙi layinsu daban. Hada-hadar banki kuwa, yin ta da datar waya ya fi yin ta a Wi-Fi ɗin kyauta.