Kabad ɗin Kadinal Wolsey da jeren amarya

Wata malamar firamare ce ta aiko mini da tambaya daga Gusau. Ta ce tana koya wa 'yan aji huɗu sunayen kayan ɗaki da Turanci, ta rubuta cupboard a allo, ta furta "kabad" kamar yadda kowa ke furtawa, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ina p ɗin ta shiga?" Ba ta gama laluben amsa ba wata yarinya ta ƙaro nata: in dai cup kofi ne, board kuma katako, me ya sa shinkafa da manja ake ajiyewa a kabad ɗin gidansu? Malama ta ba su haƙuri zuwa Litinin. To, Malama, ga abin da ya samu, sai dai ki yi mini uzuri, don hanyar za ta bi da mu ta gidan wani ɗan mahauci da ya yi zamani a Ingila shekara 500 da suka wuce.

Yarinyar nan ta taɓo gaskiya. Lokacin da kalmar ta fara bayyana a rubuce, cikin ƙarni na 14, ma'anarta ke nan ba ragi ba ƙari: katakon ɗora kofuna. Babu ƙofa, babu sakata, balle makulli. Tebur ne ko kanta mai hawa-hawa da ake jinginawa da bangon zauren cin abinci, a rufa masa farin ƙyalle, a jera kofuna da farantai da butocin azurfa a kai. Abin ajiya mai ƙofa a wancan zamani sunansa daban, aumbry ake ce masa, daga armarium ta Latin, uwar da ta haifi armoire ta Faransanci da almari ta mutanen Indiya. Shi kabad don idon baƙo aka yi shi. Mai kuɗin lokacin ba a banki yake tara dukiyarsa ba, a kwanon azurfa yake tara ta. Ranar biki ya baje ta kowa ya gani, ranar da yaƙi ko bashi ya matso ya aika da ita maƙera a narkar a buga kuɗi.

Har ƙa'ida abin yake da ita. A fadar Burgundy, wata baiwar Allah mai suna Aliénor de Poitiers ta rubuta al'adun fada a ƙarshen ƙarni na 15, ta bayyana cewa yawan hawan wannan kanta a ɗakin mai jego gwargwadon darajarta ne: sarauniyar Faransa hawa 5, matan da ke ƙasa da ita 4 ko 3 ko 2 ko 1. Wato tun daga bakin ƙofa ɗan barka zai ƙirga ya san ɗakin wa ya shigo.

A riƙe wannan lissafi, don zai yi amfani a gidan Thomas Wolsey.

An haifi Wolsey a garin Ipswich wajen 1473. Mahaifinsa ya yi fawa, ya kuma yi sana'ar saukar baƙi, kuma har Wolsey ya koma ga Mahaliccinsa 'ya'yan sarauta ba su daina yi masa gorin jini da wuƙa ba. Ƙwaƙwalwa ce ta fitar da shi. Ya yi karatu a Oxford, ya shiga aikin coci, ya kama hawa, har a 1515 Fafaroma ya naɗa shi kadinal, Sarki Henry na 8 kuma ya damƙa masa babban hatimin ƙasa. Kusan shekara 14 shi ne wuƙa shi ne nama a Ingila. Ya gina Hampton Court a bakin kogin Thames, gidan da ya fi na sarkin kansa kyau a lokacin, abin da mai hankali ba ya yi. Jakadan Venice, Sebastian Giustinian, ya kai wa mahukuntan garinsu rahoto a 1519 cewa a ɗakin Wolsey kullum akwai kabad ɗauke da kayan da suka kai dukat 30,000, dukat kuwa kuɗin zinarin Venice ne.

Wajen ƙarshen 1527 wata babbar tawaga ta zo daga Faransa don ƙulla zaman lafiya, aka ce Wolsey ya yi musu liyafa a Hampton Court. Mun san abin da ya faru a daren ne ta bakin George Cavendish, baran da ke tsaye a kan hidimarsa, wanda daga baya ya rubuta tarihin ubangidan nasa. A faɗarsa an shimfiɗa gadaje 280 don baƙi. Masu girki sun yi siffar cocin St Paul da kayan zaƙi, sun yi allon dara na Turawa da 'ya'yansa, har Wolsey ya sa aka yi wa wannan allo akwati aka bai wa wani Bafaranshe gwanin wasan ya tafi da shi gida. Shi mai gidan bai ma iso ba sai da aka fara ci, ya faɗo zauren da takalman hawa a ƙafarsa. Amma abin da ya tsaya wa Cavendish a rai shi ne kabad. An kafa shi ya cinye faɗin bango guda na zauren, hawa 6, cike da kayan azurfa masu ruwan zinari, aka kuma kewaye shi da shinge don kada kowa ya matsa kusa. Har aka tashi daga liyafar ba a taɓa ko kofi ɗaya daga cikinsa ba, domin akwai wasu kayan daban da suka wadaci kowa.

Ƙa'idar Burgundy ba dokar Ingila ba ce, kuma ta ɗakin mai jego ce. Duk da haka baƙin nan Faransawa ne, sun tashi cikin irin wannan lissafi, sun kuma iya ƙirge. Ɗan mahauci ya san abin da yake gaya musu.

Akwai masu cewa a rage wa maganar Cavendish gishiri, tun da sai da aka yi kusan shekara 30 sannan ya zauna rubutun, kuma mutum ne mai ƙaunar ubangidansa. Ni dai na fi karkata ga yarda da shi a kan wannan batu. Jakadan Venice ba yaron Wolsey ba ne, ba shi da abin da zai samu in ya kambama shi, kuma shekara 8 kafin liyafar ya riga ya ga irin wannan baje koli. Ƙari kuma, Cavendish ɗin nan bai ɓoye ranar wuya ba.

Ranar wuyar ta zo a 1529. Sarki ya so Fafaroma ya raba aurensa da Catherine ta Aragon don ya auri Anne Boleyn, Wolsey ya yi iya yinsa abin ya faskara. A watan Oktoba aka karɓe hatimin. Kafin ya bar gidansa na York Place a Landan, ya sa aka jera dogayen tebura aka baje kayan zinari da na azurfa, tare da littattafan da ke ɗauke da nauyin kowanne, don mutanen sarki su zo su ƙirga su kwashe. Jere na ƙarshe ke nan da ya yi. Aka tura shi Esher, inda Cavendish ya ce sun shafe makonni ba zanen gado, ba kofi, ba kwanon cin abinci, sai da aka yi aro wurin wani bishop da wani bafade. Ya rasu a Leicester ranar 29 ga Nuwamba 1530, ana kan hanyar kai shi Landan bisa tuhumar cin amanar ƙasa.

A cikin ƙarnin nan nasa ne ma'anar kalmar ta fara zamewa. Kafintoci suka riƙa sa wa ƙasan kantar ƙofa don a kulle kayan bayan baƙi sun watse, aka kuma yi wani iri mai ƙofar huji-huji da iska ke ratsawa, inda ake ajiye gurasa da abin sha na dare. Sannu a hankali ƙofa ta cinye kantar, sunan kuma ya bi ta, aumbry ta koma lungu, yau sai a coci ake jin ta. Tsohon samfurin bai mutu nan take ba: court cupboard ake ce masa, kuma a wasan Romeo da Juliet na Shakespeare akwai wurin da wani bara ke ba da umarnin a janye shi a kula da kayan azurfa don a sami filin rawa. Ana gardama a kan court ɗin nan. Wasu sun ce fada take nufi, wasu sun ce kalmar Faransanci ce mai nufin gajere. Na biyun ya fi kama hankalina, don waɗanda suka saura a gidajen tarihi yawanci ba su wuce kafaɗar mutum ba, kuma ba fada kaɗai ke da su ba, har gidajen manoma masu hali.

Amsar yaron kuwa gajeriya ce. Harafin p da harafin b duk da leɓe ake furta su, in suka haɗu a tsakiyar kalma ɗaya kan haɗiye ɗaya. Tun a ƙarni na 16 da na 17 ana samun masu rubuta kalmar da b biyu babu p, alamar baki ya riga ya yar da ita. Masu buga littattafai da masu ƙamus ne suka riƙe tsohon rubutun. Mu ma muna yin irin haka: riga tasa ta zama rigarsa, a bakin wasu kuma rigassa.

Sai kuma labarin da na so in kashe tun kafin ya iso ajinki, Malama, don yana yawo a intanet kamar gaskiya. Akwai waƙar yara ta Turawa, Old Mother Hubbard, wadda wasunmu suka rera a firamare, labarin tsohuwar da ta je kabad ɗauko wa karenta ƙashi ta tarar wayam. Masu son ɓoyayyar ma'ana sun ce habaici ne ga Wolsey: shi ne tsohuwar, sarki ne karen, ƙashin shi ne takardar raba aure, kabad kuma cocin Roma. Labari ne mai daɗin ji, ni ma da na fara jin sa na so ya zama gaskiya. Amma an buga waƙar ne a 1805, da sunan Sarah Catherine Martin, shekara 275 bayan an binne Wolsey. Ko da an ce farkonta ya girmi wannan bugu, babu wata takarda ta zamanin Henry da ta haɗa ta da kadinal, alhali maƙiyansa ba su kasance masu jin kunyar kiran sunansa ba. Mawaƙi John Skelton ya zage shi tas tun yana kan mulki. Sannan kabad ɗin da ake buɗewa a nemi ƙashin kare na madafar talaka ne, irin na zamanin da aka buga waƙar. Wanda mutanen Wolsey suka sani nasa ne mai hawa 6, kuma ba wanda zai je neman ƙashi a can. Amfanin waƙar a wurinmu guda ne: ta haɗa amon Hubbard da na cupboard, shaida ce cewa p ta daɗe da yin shiru.

Daga nan labarin ba shi da wani armashi. Kabad ya shiga madafa, ya shiga ƙarƙashin matakala, inda aka kwantar da Harry Potter a littafin 1997. Mutumin Ingila kan kira kusan duk wani ma'aji mai ƙofa cupboard. Ba'amurke kan ce closet ga na tufafi, ya fi yawan cewa cabinet ga na madafa. A Ayalan da Sikotilan za ka ji press. In Bature ya ce cupboard love, son abin hannunka yake nufi, irin na kyanwa da mai kifi.

Mu kuma kalmar ta zo mana tare da Turawan mulki da kafintocinsu, ita da 'yan'uwanta durowa da loka da sito. Ta tarar muna da adudu da akwati da taska da ragaya, ga rumbu a bayan ɗaki. Ta kuma tarar da jere. Tun kafin katako mai gilashi ya shigo, uwar amarya na tara ƙore da tasoshi, daga baya langa da samira da fanteka, a jera su hawa-hawa har kusa da rufi, 'yan ganin ɗaki su shigo suna ƙirgawa da ido suna kai rahoto gida. Da kabad ya samu, ciki aka mayar da jeren, aka sa masa ƙofar gilashi, aka cika shi da tangaran ɗin da ba a cin abinci a ciki ko da sallah. Wanda ya taɓa ganin yadda ake daka wa yaro tsawa in ya doshi kabad ɗin mahaifiyarsa ya san amfanin shingen Wolsey. Ba daga Ingila muka koyi jere ba, namu ne tun kaka da kakanni, amma a ɗakin Bahaushiya kalmar ta koma aikinta na fari bayan masu ita sun mance.

Don haka, Malama, ranar Litinin ki gaya wa yarinyar cewa fassararta daidai ce, ta dai makara da shekara 600. Shi kuma yaron ki ce masa kada ya furta p ɗin, amma ya tabbata ya rubuta ta ranar jarrabawa.