Majami'ar San Miguel ta Santa Fe

Majami'ar San Miguel ƙaramin ɗakin ibada ne na Katolika da ke birnin Santa Fe, a jihar Niyu Meksiko ta ƙasar Amurka. Ginin ƙasa ne, na bulon laka da aka cuɗa da ciyawa aka shanya a rana, ɗan'uwan tubalin da maginan ƙasar Hausa suka sani. Mutanen garin suna kiranta majami'a mafi tsufa a Amurka, ko da yake mafi yawan bangon da ke tsaye yau na ƙarni na 18 ne.

An aza harsashinta a farkon ƙarni na 17, lokacin da Sifaniyawa ke mulkin yankin, kuma sunanta ya fito a takardu tun 1628. Unguwar da take, Analco, ta ma'aikata ce da barori, a ƙetaren kogi daga fadar gwamna. Majami'ar ba ta zauna lafiya ba. Wajen 1640 rigima ta ɓarke tsakanin gwamna Luis de Rosas da limaman Faransiskan, aka rushe wani sashenta. A 1680 ƙabilun Pueblo suka yi wa Sifaniyawa tawaye, suka kore su, suka cinna wa rufinta wuta. Sai a 1710 aka sake gina ta.

A 1859 ƙungiyar malaman De La Salle ta buɗe makaranta a gefenta. Guguwa ta kayar da hasumiyar ƙararrawa a 1872, kuma ganin bango ya fara rinjaya, aka tokare gabanta da ginshiƙan dutse a 1887. A 1968 aka sa unguwar cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Ɓarnar da ta fi yin shiru ta zo ne da sunan gyara. A ƙarni na 20 an lulluɓe bangon da siminti don a huta da wahalar yaɓe. Siminti kuwa ba ya barin ginin ƙasa ya sha iska. Ruwa ya riƙa shiga ta tsagu, danshi ya maƙale a ciki, bulon ya yi ta narkewa alhali daga waje komai sumul. Daga 2010 wata ƙungiya mai suna Cornerstones da 'yan sa-kai suka fara ɓamɓare simintin, suna buga sabon bulo a harabar, suna cike gurbin wanda ya lalace, suka mayar wa bangon yaɓen laka irin na asali, wanda sai an riƙa sabunta shi lokaci-lokaci.