Tocila da banka wuta: tarihin kalmar "torch"

Da wuya ka shiga gida a Maraɗi ko Damagaram ka rasa tocila, balle lokacin zafi da ake yawan ɗauke wuta. Sunan aro ne daga Ingilishi, daga "torchlight". Shi ya sa ɗalibaina, in suka gamu da "torch" cikin labari, nan take sai su tuna haske. Amma in kalmar ta zo a matsayin aikatau, maganar ta ƙone ƙone ce.

Asalinta ma ba Ingilishi ba ne. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Ingilishi. A ƙarni na 13 "torche" ta shiga. Tushenta Latin ne, "torquere", wato murɗawa, domin abin da ake nufi shi ne igiya ko tsumma da aka murɗe, aka jiƙa da kakin zuma ko kitse, aka kunna a kan sanda. Mu da muka yi lakwal mun san ƴar uwarta, "torchon", tsumman goge kwano. Uwarsu ɗaya.

Ɗaruruwan shekaru kalmar na nufin wutar da ake riƙewa a hannu. Da fitila mai batir ta fito, wadda David Misell ya samu takardar mallakar ƙirarta a Amurka a 1899, sai mutanen Ingila suka ɗora mata tsohon sunan. Amurkawa kuwa suka ce "flashlight". Da a ce Amurka ce ta mulki Kano, da yau wani suna muke kiran tocila.

A ƙarni na 20 ne, a bakin Amurkawa, aikatau ɗin ya ɗauki ma'anar cinna wa gini ko mota wuta da gangan, sannan ƴan jarida suka rungume shi saboda gajere ne, yana shiga kanun labari. A watan Janairun 2015, lokacin tarzomar Damagaram da Yamai, shi jaridun Ingilishi suka yi ta amfani da shi a kan majami'un da aka ƙone.

A nan nake tsananta wa masu fassara. "Burn" tana ɗaukar kowace irin ƙuna, har tuwon da ya kama a tukunya. "Torch" kuwa zargi ce, akwai hannun mutum da mugun nufi a cikinta. Hausa ba ta rasa wannan bambanci ba: ana kunna fitila, ana hura wutar murhu, gobara tana tashi da kanta, amma banka wuta sai da mai bankawa. Wanda ya fassara "the market was torched" da "gobara ta tashi a kasuwa" ya wanke mai laifi. Wanda kuma ya mai da gobarar wayar lantarki "an banka wa kasuwa wuta" zai iya sa a far wa wanda bai ji ba bai gani ba.