Gaɓar Kogi a Matsayin Allon Karatu: Mai Wurno da Tarihin Ƙasarta

Tarihin Mai Wurno kamar yadda aka saba bayar da shi yakan fara ne daga Burmi, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas, har ya zauna da jama'arsa kusa da Sinnar, a bakin kogin Shuɗin Nilu, wajajen 1906. Sai dai ƙasar da suka sauka a kanta tana da nata tarihin, kuma ɗan firamare zai iya karanta shi da idonsa.

Baƙar lakar da ake nomawa a Jazira ba a nan aka haife ta ba. Asalinta duwatsun aman wuta ne na tsaunukan Habasha, waɗanda ruwan sama ya niƙe, kogi ya kwaso ya shimfiɗa hawa-hawa cikin dubban shekaru. Idan ruwa ya ja da rani, gaɓar kogi takan bayyana waɗannan shimfiɗu. A nan malami zai nuna wa yara ƙa'idar da Nicolas Steno ya rubuta a 1669, wato shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi ta samanta.

A irin wannan gaɓa ne, a Sinja da ke kudu da Mai Wurno, aka tsinci ƙoƙon kan wani mutum da ya sandare ya zama dutse, a 1924. Awon da aka yi a 1996 ya nuna shekarunsa sun kai kimanin 133,000. Yau yana gidan adana tarihin halittu na Landan. Yamma da Sinnar kuma akwai Jabal Moya, tsauni mai ƙaƙƙarfan dutsen da ya daskare daga narkakken dutse a cikin ƙasa. Can ne Henry Wellcome ya tono kaburbura kusan 3,000 tsakanin 1910 da 1914.

Ke nan, ire-iren duwatsu da shimfiɗu da ƙasusuwan da suka zama dutse duk suna kusa da yaron Mai Wurno. Idan hoton littafi kaɗai aka nuna masa, zai ɗauka ilimin nan na wasu ne can nesa, alhali kuwa kullum a kansa yake taka ƙafa.