Daga wayar tarho zuwa akwatin rediyo: tarihin matacin lantarki

Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo da dare a Maraɗi ko Damagaram, yana neman wata tasha a gajeren zango, ya san yadda muryoyi biyu kan hau juna, ga shewa a tsakani. Tazarar da ke tsakanin tashoshin wannan zango kilohaz 5 ce kawai. Na'urar da ke raba su ita ce mataci, wato filtre da Faransanci. Wani mataci kaɗawar da ke ƙasa da wata iyaka yake bari ta wuce, wani ta sama, wani kuma ƴar ƙofa yake buɗewa a tsakiya ya toshe sauran. Wannan na ukun shi ne rediyo ya fi bukata.

Abin lura shi ne ba a fagen rediyo aka haifi ilimin mataci ba. Gaskiya ne Marconi ya yi rajistar dabarar daidaita zango a 1900, da naɗin waya da kwandansa, amma tacewarta ba ta da kaifi. Masu tarho ne suka zurfafa binciken, domin tsadar jan ƙarfe ta sa suna son aika hira da yawa ta waya guda. A 1915 George Campbell a Amurka da Karl Willy Wagner a Jamus suka gano mataci mai jerin gaɓoɓi, kowa a nasa ɓangare, ana tsakiyar yaƙi.

Daga nan sai gyare-gyare, kuma kowane gyara da abin da ake sarayarwa. Matacin Stephen Butterworth na 1930 yana wuce da sauti sumul, sai dai a hankali yake yanke maƙwabciyar tasha. Na Wilhelm Cauer yana yankewa kamar aska, amma yana barin ƴan tudu da kwari a cikin abin da ya wuce. A 1934 Warren Mason ya bayyana mataci na dutsen kwaz, wanda ya fi su ƙuncin ƙofa.

Saura matsala guda: mataci mai kaifi yana da wuyar sauyawa duk lokacin da mai sauraro ya murɗa. Dabarar superhétérodyne ta juya tambayar. Maimakon mataci ya bi tasha, sai a sauya kaɗawar kowace tasha zuwa guda ɗaya tsayayya, wadda daga baya ta zauna a kilohaz 455 a yawancin akwatuna, a tace ta a can. A ganinmu wannan ne ya sa rediyo ya yi arha har ya shiga ƙauye.

Wa ya ƙirƙiro ta? Littattafan Ingilishi kan ce Edwin Armstrong ne, a 1918, lokacin yana sojan Amurka a birnin Pari. Na Faransanci kan ce Lucien Lévy, wanda ya yi rajista tun 1917. Ɗalibinmu mai karatu da harsunan biyu zai ci karo da wannan saɓani. A 1928 kotun Amurka ta ba Lévy bakwai daga cikin haƙƙoƙi tara da ke takardar Armstrong.