Tarihin Ciwon Yoyon Fitsari: Daga Alabama Zuwa Babbar Ruga

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, da aka nemi in rubuto wani abu na tarihi domin wannan fitowa ta mujallarmu, sai na bar tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe, tun da mun sha shi a aji, na ɗauko tarihin wani ciwo da ba ya kama namiji, amma maza ke da hannu mafi tsawo a cikin sha'aninsa. Ina nufin yoyon fitsari. Ni ba likita ba ne, aikin ofis nake yi, saboda haka likitocin da ke cikinmu su yi mini afuwa.

Yadda abin yake faruwa ba shi da wuyar fahimta. Mace ta kama naƙuda, kan jariri ya tokare a ƙugu, ya ƙi fitowa, a kwana biyu ko uku a haka. Kan ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, jini ya daina ratsa wurin, naman ya mutu. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai. Bayan 'yan kwanaki sai mataccen naman ya zube ya bar ɓula, daga nan fitsari ya dinga zuba dare da rana, wani sa'in har da bayan gida. Tsohon ciwo ne ƙwarai, domin masana sun ga alamarsa a gawar Henhenit, wata matar gidan sarautar Masar da ta rayu kimanin shekaru dubu biyu kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ɗinkin zamani ya samo asali ne daga Amurka, kuma labarin ba shi da daɗin ji. Tsakanin 1845 da 1849, wani likita mai suna Marion Sims, a garin Montgomery na jihar Alabama, ya yi ta gwajin ɗinki a jikin wasu bayi mata baƙar fata, ba tare da maganin kashe zafi ba. Sunayen uku daga cikinsu ne suka iso mana: Anarcha da Betsey da Lucy. Ita Anarcha sau wajen talatin aka yi mata aiki kafin ɗinkin ya kama, da zaren azurfa. Sims ya yi suna, ya buɗe asibitin mata a New York a 1855, har aka kafa masa gunki a birnin. Sai a 2018 aka ɗauke gunkin daga inda yake, bayan jama'a sun daɗe suna tambayar ko wa ya nemi yardar waɗannan mata.

To, abin lura shi ne, ba gwanintar ɗinki ce ta kawar da ciwon daga Turai da Amurka ba. Ya ɓace ne da aka kai matsayin da duk macen da naƙuda ta tsaya mata za ta isa asibiti a yi mata tiyata a ciro ɗan a kan lokaci. A Afirka kuwa ya ci gaba. Shi ya sa likitocin nan biyu, mata da miji, Catherine da Reginald Hamlin, waɗanda suka isa Habasha a 1959, suka buɗe asibiti na wannan ciwo kaɗai a Addis Ababa a 1974.

A ƙasar Hausa, Zariya ce ta fara sanya al'amarin a ma'auni. Wani likita mai suna Tahzib ya bi bayanan mata 1,443 da suka zo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da yoyo tsakanin 1969 da 1980. Ya tarar kashi 83 cikin ɗari doguwar naƙuda ce sanadi, kashi 13 kuma yankan gishiri ne, wato tsagar da wanzami ko ungozoma ke yi wa mace da aska don wai a buɗa hanya, askar ta zarce ta huda mafitsara. Sa'an nan Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta jihar Ribas, ya nazarci haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. A ganina duk mai riƙe da muƙami a Arewa ya kamata ya san abin da wannan bawan Allah ya gano. Matan da suka yi awo, ko da ƙanana ne, kaɗan ne suka rasa ransu. Mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin waɗanda ba su taɓa awo ba, aka kawo su ranga-ranga bayan an gama wahala a gida. Ya kuma nuna cewa matan da suka yi makaranta sun fi tsira. Har ma ya lura cewa 'yan mata masu cikin fari, idan an ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini, sukan ƙara tsawo a lokacin da suke da cikin.

A nan nake so mu ɗan tsaya. Da zarar an ambaci yoyon fitsari sai a ce auren wuri ne, wasu kuma su harzuƙa su ce ana zagin al'ada, shi ke nan magana ta mutu. Gaskiya ne yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba ta fi shiga haɗari, kuma ba ni da niyyar kare aurar da 'yar shekara goma sha uku. Amma akwai matan da suka kamu a haihuwa ta biyar ko ta bakwai. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: me ya sa mace take kwana uku tana naƙuda ba a kai ta asibiti ba? An koya mata tun tana ƙarama cewa kunya ce mai cikin fari ta faɗi tana ciwo, jarumta kuwa ita ce ta haihu ita kaɗai ba a ji motsinta ba. Idan abu ya tsananta, ba ta fita sai da izinin maigida, shi kuwa yana kasuwa ko ya tafi cin rani. In ya dawo, kuɗin mota a hannunsa suke, kuma mai yiwuwa ba ya son namiji ya duba masa iyali, alhali mu ne muka ƙi sa 'ya'ya mata makaranta balle su zama nas-nas da likitoci. Ka ga ke nan jikin nata ne, amma kowace shawara a hannun wani take. Bayan ciwo ya same ta kuma, binciken da Margaret Murphy ta yi a Zariya, wanda ya fito a 1981, ya nuna cewa da yawansu gidan iyaye suke komawa, kuma gwargwadon daɗewar ciwon, gwargwadon mutuwar auren.

Laifin ba na magidanta ba ne su kaɗai, mu ma'aikatan gwamnati muna da namu kaso. A shekarun tsuke bakin aljihu, wato zamanin SAP da aka soma a 1986, asibitoci sun koma karɓar kuɗi, ana rubuta wa dangi su sayo safar hannu da zare da ruwan ƙari kafin a taɓa mara lafiya. Likitocin Zariya sun rubuta cewa masu zuwa haihuwa sun ragu, mace-macen mata kuma suka ƙaru. Sai a 2001 jihar Kano ta fito da shirin haihuwa kyauta.

Ta ɓangaren magani, sunan da ba za a tsallake ba shi ne Dakta Kees Waaldijk, mutumin ƙasar Holan. Ya zo Babbar Ruga ta Katsina a 1983 don aikin kutare, shekara ta zagayo ya fara ɗinkin yoyo. Ni dai ban ga haɗuwa mai ma'ana kamar wannan ba: asibitin waɗanda ake gudu saboda kuturta ya zama mafakar waɗanda ake gudu saboda zarni. Ya yi wa dubban mata aiki a Katsina da cibiyar Laure ta Asibitin Murtala a Kano, ya horar da likitoci masu yawa, ya kuma nuna cewa idan aka sa wa mace robar fitsari da wuri, ƙaramar ɓula kan toshe da kanta ba tare da wuƙa ba. A 1990 aka kafa kwamitin ƙasa kan ciwon, wanda Hajiya Amina Sambo ta ja gaba. Yau Babbar Ruga cibiya ce ta Gwamnatin Tarayya, tare da ta Abakaliki da ta Ningi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta soma aiki a Jahun a 2008, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suka sami cibiyar Danja kusa da Maraɗi a 2012. Tun 2013 ake tunawa da ciwon a duniya kowace ranar 23 ga Mayu.

Wani sabon babi kuma ya buɗe a 'yan shekarun nan. Likitocin cibiyoyin suna ƙara ganin matan da suka isa asibiti, aka yi musu tiyatar ciro ɗa ko ta cire mahaifa, amma hannun da ya yi aikin bai ƙware ba, ya huda mafitsara. Waɗannan matan sun faɗi ciwonsu da wuri, mazansu sun ba da izini, sun kuma biya kuɗin mota.